Mai Hoto a Gaban Hotonsa

Shekara talatin da huɗu ina ɗaukar hoto a Garwa,
shagona na unguwar Yelwa, mai shuɗiyar ƙofa.
Na ara wa ɗan dako kwat, ya fito kamar ɗan majalisa.
Na shafe wa mutane zanzanar fuska da bakin fensir.
Na tsayar da yaro gaban labule mai zanen jirgin sama
alhali ko gadar Binuwai bai taɓa ƙetarewa ba.
To, ni za a gaya wa halin hoto?

Bara jini ya fara bin bayan gidana.
Na ce basir ne, na sha sassaƙe har harshena ya dafe.
Da aka leƙa sai aka ce ƙari ne a ƙarshen hanji,
wurin da mutum ba ya nuna wa ko ƙanensa.
Mota zuwa Gaundare, jirgin ƙasa dare guda, sai kudu.
Mako biyar ana gasa shi da hasken da ido ba ya gani,
ga ƙwayoyi masu sa tafin hannu saɓa.
Kyamarorina biyu suka bi kuɗin magani.

Yau aka zura ni cikin na'ura mai ƙugin injin niƙa,
wani yaro ya ce, "Baba, kar ka motsa."
Na yi dariya a ciki.
Maganata ce aka maido mini.

Likita Astajam ta juyo da allo wajena.
"Baba Nomau, ga inda yake a da. Ya motse."
Sai ta ɗora bakin biro kan wani duhu
da bai fi ƙwayar gurjiya ba.
Na ce, "Wannan fa?"
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
"Ko tabo ne, ko saura.
Naman da ya sha gashi yakan kumbura, ya yi kanta,
a hoto kuwa, tabo da ciwo anko suke yi.
Wani sa'in mu ce akwai, a yanka, a tarar babu.
Wani sa'in mu ce babu..."
Ba ta ƙarasa ba.

Na san murhun da ya kwana.
Toka ce fara sol a sama,
amma Hajjo ba ta taɓa sa hannu ba sai ta tona da tsinke.

Ban ji haushin likita ba.
Wanda ya ce "ban tabbata ba" ya fi mini mai rantsuwa.
Ta ce shaida ɗaya ba ya yanke shari'a:
za ta taɓa da yatsa, ta leƙa da bututu mai fitila,
ta haɗa da hoton, ta ji ko bakinsu ya zo ɗaya.
In an yanka, watakila jaka ce a gefen cikina har abada.
Na tuna alwala. Na tuna sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa.
In an jira, duk wata uku zan dawo in kwanta,
kuma jiran ma yana da haƙori.

A ɗakin duhu na koyi abu guda:
takarda takan shiga ruwan wanki fara fat,
fuska ba ta fitowa don ka matsu.
Ka ciro da wuri, sai ka sami inuwa,
ba ka san ko murmushi ba ne ko kuka.

Da magariba na ɗaga hoton ga ƙwan lantarki.
Jikata Dudu ta leƙo ta ƙarƙashin hannuna.
"Kaka, wane ne wannan?"
Na ce, "Ni ne."
Ta daɗe tana kallo, ta karkata kai,
ta ce, "Bai yi kama da kai ba.
A sake ɗauka."